Walƙiya Ba Hadari

Ƙarfe uku na dare na baro Jidda,
fasinja huɗu a baya, uku cikin harami,
ɗaya na gyangyaɗi, ɗaya na jan carbi,
wata tsohuwa 'yar Gaya tana ta tambaya ko mun kusa.
Hanya shimfiɗe, sumul, kamar an goge ta da mai,
ba rami, ba akuya, ba ɗan acaɓa,
ƙafata ta yi nauyi ban sani ba.

Daf da Bahra sai wal!
Tsohuwa ta leƙa sama ta ce, "Ɗan nan, ruwa za a yi?"
Na ce, "An riga an yi, Hajiya. Ni kaɗai ya daka."

Kafin hantsi waya ta yi tsuwa:
riyal ɗari uku.
Ga lambar mota, ga wuri, ga lokaci har da minti.
Ba wanda ya ɗaga mini hannu,
ba wanda ya ce gangara.

A tashar Unguwa Uku na koyi sitiyari,
inda ake sauke gilashi a ce ranka ya daɗe,
a tambayi gajiya, a tambayi iyali,
a miƙa lasisi da ɗan nauyi a ciki.
Shekara goma sha ɗaya bakina ke fid da ni.
Wannan kuwa sanda ce tsaye a rairayi,
ba kunne, ba aljihu,
ba garinsu balle in ce na taɓa kwana can.

Ɗari uku fa.
Rabin keken ɗinkin Lantana ke nan,
ita da ta ce, "Wannan watan, Baba?"
na ce, "Wannan watan, da yardar Allah."

Ilu Ɗan Gumel ya yi mini dariya a teburin shayi, a Karantina,
har sai da ya ƙware.
Shi ya san makwancin kowace ɗaya,
yana lissafa su a yatsa kamar 'ya'yan cikinsa:
nan ka taka birki, ka wuce salin-alin,
da ka ba ta baya, saki linzami.
"Tsakanin ido da ido," in ji shi, "hanya taka ce."
Sawu biyar yake yi a yini,
ni uku, da ƙyar.

Goman ƙarshe na azumi,
rana ta yi ja, kowa na tseren ladan,
na tarar da cunkoso bayan Shumaisi.
Fitilun 'yan sanda na juyawa, ba jiniya.
Na ga takalmi wari ɗaya,
na ga dabino watse a kan kwalta,
jarkar zamzam tana tsiyaya a hankali
tana neman gefen hanya.
Lambar motar na sani kamar sunana.
Tsakanin ido da ido ne,
daidai inda ya ce ba mai gani.

Bayan isha aka yi masa salla a Harami,
shi da wasu da ban sani ba, jere,
aka kai su inda kabari ba ya ɗaukar suna.
Ni aka damƙa wa wayarsa in aika gida.
Gilashin ya tsage amma tana kawo haske.
Na duba, Allah ya yafe mini, na duba:
shekara shida a kan hanyar nan,
ko saƙon tara ɗaya babu.

Na biya tawa ranar Lahadi.
Ban ce ina son sandar ba,
har gobe in na tuna ɗari ukun nan cikina na ɗaurewa,
kuma Lantana ta daina tambaya,
wanda ya fi tambayar ciwo.

Amma in na doshi Bahra yanzu
ƙafata kan ɗaga da kanta,
kuma ba ta komawa bayan na wuce.
Wani lokacin ma, in fasinja sun yi barci,
nakan ce mata sannu da tsayuwa.
Ba ta taɓa amsawa ba.